Malam Hashimu da Wuyan Jitar Bas

A unguwar Sabangali ta N'Djamena, idan ka tambayi inda ake gyaran jita, ba wanda zai nuna maka shagon Malam Hashimu. Idan kuwa ka ce keken ɗinki, ko akuya ka tambaya za ta kai ka har ƙofa. Wani tsukukun shago ne mai ƙofar kwano, manne da ƙaramin masallaci, kuma shekara talatin da wani abu ke nan yana zaune a ciki, tsakanin kawunan kekuna da tsummoki masu warin mai.

Ni magini ne, sunana Ghali. Duk mako ina ɗora bulo kan bulo a Goudji, inda duk wanda ya sami fili sai ya ce bene zai yi, sannan ya tsaya a linta. Ranar Asabar da la'asar kuma ina kaɗa jitar bas a ƙungiyar Hajiya Kubura, wadda ke waƙa a bukukuwan Hausawan garin nan. Mu uku ne a bayanta: mai kalangu, da Ikrima mai fiyano, sai ni. Ba wani abin kirki ake samu ba. Amma mutumin da ya wuni ana ce masa "kai, maso", wato magini, yana son yamma ɗaya a mako da jama'a za su taka rawa a kan abin da yatsunsa suka yi.

Bara, cikin zafin watan huɗu, wuyan jitar ya lanƙwashe. Tsirkiyoyin nan huɗu suka tashi daga jikin katako har kana iya zura ƙaramin yatsa a ƙarƙashinsu. Kafin in danne ɗaya sai na yi kamar zan ɗaga buhun siminti, waƙa uku hannu ya sandare, kuma duk inda na danne da ƙarfi sai sautin ya kauce hanya. A wani suna da muka yi, Hajiya ta juyo ta dube ni sau biyu a tsakiyar waƙa. Da aka tashi ta kira ni gefe. Ta ce Asabar ta sama akwai bikin ɗiyar wani babban dillalin shanu, kuma idan jitar nan ta sake yi mata kukan jaki a gaban mutane, Ikrima zai riƙa yin bas ɗin da hannunsa na hagu, kamar yadda sauran ƙungiyoyi suka daɗe suna yi. Ikrima yana naɗe waya, bai ɗago kai ba, amma na hango haƙoransa.

Mako biyu ke nan gare ni.

Mai gyara na farko ni ne da kaina, kuma shi ya fi duka wauta. Magini idan ya ga abu ya karkace, nauyi yake ɗora masa. Na kwantar da jitar a tsakar ɗaki, na aza mata bulo biyu a wuya, na bar ta kwana biyu. Da na sauke, tana nan yadda take, sai dai ta ƙaru da ƙurar siminti.

Na biyu kafintan da muke aiki tare ne a shantiye, wato wurin gini. Ya ce ya gyara irinta sun fi hamsin. A garin da masu jitar bas ba su kai ashirin ba, ban san inda ya samo sauran ba. Ya ce fere wuyan zai yi har ya daidaita. Na tambaye shi ƙananan ƙarafan nan da aka jera a kan wuyan fa? Ya ce zai cire su da filaya, ai ado ne. Na karɓi kayata.

Na uku mai gyaran rediyo ne a kasuwa, mai allo a ƙofa da Faransanci da Larabci. Shi dai ya san wani abu. Ya nuna mini a wayarsa cewa akwai doguwar sandar ƙarfe a ɓoye cikin wuyan, idan an ɗaure kanta sai katakon ya miƙe. Ya yi ta bayani har na ji daɗi. Kwana biyar jitar tana hannunsa. Da na koma, ashe da makullin da bai yi daidai ba ya murɗa, ya cinye bakin ƙarfen har ya zama mulmulalle. Ya ce ba laifinsa ba ne, ƙarfen Turawa laushi gare shi, kuma yana da wani abokinsa a Kousseri mai sayar da sababbi.

Ranar Talata ce, saura kwana huɗu. Na biya gidan Yaya Rakiya, babbar yayata, tela ce. Ta zuba mini tuwo, ta saurari ƙorafina ba tare da ta daina taka keke ba. Sai ta buga kan keken da tafin hannu, ta ce wannan ya girmi ɗiyarta ta fari, kuma tun da Malam Hashimu yake duba shi bai taɓa tsallake ɗinki ba. Na ce ni ba riga zan ɗinka da jitar ba. Ta ce ta taɓa hango wani abu mai dogon wuya a naɗe cikin zane a bayan shagonsa, kuma ba ta jin zalɓe ne.

"Amma kada ka kai masa ita tsirara," in ji ta. "Naɗe ta. Kuma kada ka ce jita a gaban mutane. Shi ke kiran sallar azahar idan ladan ba ya nan."

Ta ba ni tsohon zanenta, na naɗe, na hau kalando, babur ɗin haya, na rungume ta kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Malam Hashimu ɗan ƙaramin tsoho ne, ramamme, da tabarau ɗaure da zare ta baya. Abin da na sani game da rayuwarsa a cikin kwanakin nan na tsinta, kaɗan daga bakinsa, da yawa daga bakin Yaya. A Damagaram aka haife shi, a can ya koyi gyaran keke. Ya zo N'Djamena yana saurayi, bayan yaƙi, lokacin da teloli suka dawo gari suka tarar da kekunansu sun yi tsatsa. Ya zo ne don wata shida. Ya yi aure a nan, ya binne mata ɗaya a nan, 'ya'yansa sun fi jin Larabci a kan Hausa. Jita kuwa, wani ɗan Kongo ne ya koya masa. Mutumin ya zo da ƙungiyar kiɗa, ƙungiyar ta watse, ya maƙale a gari, ya kama ɗaki a gidan da Malam yake haya. Matar ɗan Kongon tana ɗinki, Malam yana gyara mata keke, shi kuma yana zama a tsakar gida yana kwance jitarsa yana ɗaurawa saboda rashin abin yi. Malam ya ce kallo ya yi ta yi, don bai iya ganin dunƙulen ƙarfe da kusoshi ya kau da kai ba. Ko ɗan Kongon ya koma ƙasarsu ko ya mutu, bai sani ba. Tun daga nan makaɗa suke zuwa masa, uku ko huɗu a shekara, duk a naɗe.

Kuma a cikin shekarun nan duka bai taɓa kaɗa tsirkiya ko sau ɗaya ba. Ya ce shi ba ya jin kiɗa, kuma ba ya son a yi masa dogon zance a kan haka. Katako da ƙarfe ne aka kawo masa sun saɓa da juna, shi zai sulhunta su. Abin da za a je a yi da su ranar Asabar, tsakanin mai su ne da Ubangijinsa.

Ya janyo ƙofa rabi, ya warware zanen. Bai tambaye ni komai ba sai da ya ɗaga jitar ya rufe ido ɗaya, ya bi wuyan da kallo kamar maharbi. Sannan ya tambayi inda take kwana. Na ce a jingine da bango, a ɗakina. Wane bango? Na yamma. Rufin me? Kwano. Ya ce to ai gara in sa ta a tanderun mai burodi, ta fi samun iska. Ya shafa yatsa a wuyan, ya dubi farar ƙurar da ta biyo shi.

"Bulo ka ɗora mata?"

Na ce biyu kawai.

"Iyayenka mutanen ina ne?"

Na ce Kano.

"Na sani. Bakano ne kaɗai zai danne katako da bulo, ya zauna yana jira ya tuba."

Na ce masa da Damagarawa sun iya miƙe abu, da sun fara da hanyoyin garinsu. Bai yi dariya ba, amma ya tura mini kujera da ƙafa.

Abin da na gani bayan nan shi ya sa na zauna. Bai yi mini alkawari ba, bai ce ya gyara hamsin ba. Ya zaro zaren ɗinki, ya ja shi tsantsan daga farkon wuyan zuwa ƙarshe, ya riƙa zura reza a ƙarƙashi, ɗaya, biyu a haɗe, uku a haɗe, yana ƙirga ratar. Ni mai aiki da igiyar awo ne, na san mutumin da ke auna abu da mutumin da ke yin kamar yana aunawa. Ya leƙa ramin da kan ƙarfen yake, ya ga ɓarnar mai rediyo, ya yi tsaki ɗaya, bai ƙara ba. Ya ɗiga man keke sau uku a ciki. Sai ya ɗauko irin ɗan makullin nan mai kusurwa shida da muke ce wa kile, wanda ya ɗan fi ramin girma, ya matse shi a bakin ƙarfen matsi, ya kama goga shi da zarto. Ya goga ya gwada, ya goga ya gwada, sa'a guda cur. Da ya shiga ya kama, na ce alhamdulillahi, a juya. Ya zare shi ya sa a aljihu.

"Ambakir," ya ce. Gobe. Sai mai ya sauka.

Laraba na bar aiki da wuri na zo. Ya sassauta tsirkiyoyin, ya sa kile, ya riƙe numfashi, ya murɗa. Wani ɗan ƙara ya fito daga cikin katakon, ƙas. Murɗin bai kai rubu'in zagaye ba. Ya zare, ya mayar da tsirkiyoyin yadda suke, ya naɗe jitar, ya tura ta ƙarƙashin benci inda akwai sanyin ƙasa, ya juya ga keken wata mata. Na tambaye shi ko shi ke nan. Ya ce na yau ke nan. Katakon ya yi wata da watanni yana tafiya can, ba zai dawo a wuni ɗaya don wani dillalin shanu yana aurar da ɗiya ba. Ƙarfen kuma ya tsufa, an riga an ji masa ciwo. Idan ya karye a ciki, sai dai in kai wa Yaya Rakiya ta hura wuta.

Alhamis haka, rubu'i ɗaya. Ran nan ne ya fara sa ni kaɗawa. Ya tsinko auduga daga cikin akwatin kayansa, ya toshe kunnuwa biyu, ya ɗora tafin hannu a jikin jitar, ya ce in bi gurbi ɗaya bayan ɗaya a kan wuyan tun daga sama. Ina kaɗawa yana jin rawar katakon a hannunsa, inda ya ji ba daidai ba sai ya ɗaga yatsa in tsaya, ya yi alama da allin tela. Na lura audugar ba ta da yawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi murɗi na uku, ya ja zare, ya zura reza. Ratar ta ragu, ni ma na gani. Amma har yanzu tsirkiyoyin suna sama. Ya ce saura kwana uku.

Nan raina ya ɓaci. Na ce biki gobe ne, ƙarfe huɗu. Na ce shi ba abin da zai rasa, ni kuwa wurina zan rasa, a ba wani mai danna maɓalli. Na ce murɗi uku ne suka rage, a haɗa su yanzu a huta, ai ƙarfe ne ba ƙwai ba. Na faɗi wasu abubuwan kuma game da tsofaffi da ba sa sauri a komai sai zuwa sahun gaba. Ya bar ni na gama. Sai ya kamo hannuna ya sa mini kile a ciki.

"Ga shi, ɗana. Jitarka ce. Murɗa. Amma fita da ita waje tukuna. Ba abin da ya taɓa karyewa a shagon nan, ba zan fara da na Bakano ba."

Na tsaya riƙe da ɗan ƙarfen. Shekara huɗu da suka wuce na yi wa wani mutum aiki, muka zuba dal, wato rufin siminti, a kan ɗaki. Kwana shida ya zo ya ce a cire katakan da ke tallabe da shi, yana son ya kai su wani ginin. Na ce bai kama ba. Ya ce gininsa ne. Muka cire. Ba a rasa rai ba, don mun fita cin abinci, amma har yau ina jin ƙarar. Ran nan na rantse ba zan sake bin maganar mai gaggawa ba, ga shi yau ni ne mai gaggawar, har da baƙar magana. Na ajiye kile a kan benci.

Bai ce na kyauta ba. Ya ɗauki jitar ya ce akwai abin da ɗan Kongon nan yake yi idan zafi ya matsa. Ya sa ni in sassauta tsirkiyoyin duka huɗu, kowace ta sauka da gurbi biyu. Da jan ya ragu sai wuyan ya ɗan koma baya da kansa, tsirkiyoyin suka kwanta. Na danna, ban ji kamar ina ɗaga buhu ba. Na bi har ƙasa, ba inda ya kauce. Ya ce da haka za ta kai ni gobe lafiya, sai dai muryarta ta yi ƙasa da ta sauran, sai in riƙa matsar da hannu gaba da gurbi biyu.

To, nan fa matsalar take. Ni ban san sunan sauti ko ɗaya ba. Wuri na sani. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa waƙoƙin Hajiya, kowace yatsuna sun san inda suke sauka kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida. Ka matsar da ni gurbi biyu, na zama baƙo. Na gwada a gida har magariba, waƙa ɗaya ban kai ƙarshenta ba. Hanya ɗaya ta rage: sauran su sauko su same ni. Mai kalangu ba damuwa, hammatarsa ce ke yi masa sauti. Fiyano kuma tana da maɓallin da ake sauke ta duka da shi. Na san yana nan, don Ikrima ma irina ne, a wuri ɗaya yake kaɗa komai, maɓallin ne ke rufa masa asiri. Wato wurina yana hannun mutumin da ke son wurin.

Asabar ƙarfe uku da rabi muna haɗa waya a ƙarƙashin rumfa, mata sun fara cika kujeru. Na je na roƙe shi, har da ce masa ɗan'uwa. Ya ce maɓallin ya lalace tun shekaranjiya. Ban tsaya musu ba. Na tafi wurin Hajiya, tana gyara ɗaurin kallabi a madubin mota, na gaya mata komai yadda yake: wuyan bai gama miƙewa ba, mai gyara ya ƙi tilasta shi, ni kuma ban iya canja wuri ba. Ta tambayi wane ne mai gyaran. Da na faɗa sai ta sauke madubin ta dube ni, ta ce mai keken ɗinki? Ta ce ita ma shi ke duba na gidansu.

"Waƙa ɗaya," ta ce. "Idan ban ji daɗinta ba, ka zare wayarka ka je ka ci shinkafa."

Ta wuce wurin Ikrima ta tsaya a kansa. Maɓallin ya warke, ya danna shi sau biyu.

Muka fara da waƙar amarya. Jitar ta fito da murya mai kauri, a natse, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Akwai wani wuri a waƙar nan da sauti ke hawa sama sosai. Shekara biyu ke nan idan an zo wurin, Hajiya takan miƙa wa jama'a makirfo su yi, kowa yana ɗauka salo ne. Ran nan da aka zo wurin ba ta miƙa ba. Ta hau da kanta, ta zauna a kai, ta ja shi har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ba ta juyo ta dube ni ba har aka yi waƙa tara.

Da aka tashi, ana kiran magariba, ta ce wa Ikrima daga yau maɓallin nan a nan zai zauna. Ni kuma ta ce Asabar akwai suna a Goudji, ƙarfe huɗu, kada in makara. Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni.

Litinin kafin azahar na mayar da jitar Sabangali. Malam bai tambaye ni yadda biki ya kasance ba, kuma na san ba zai tambaya ba. Ya fito da kile zai yi murɗi na huɗu. Na ce masa ai yanzu a sassauce za ta zauna har abada, haka uwar ɗakina ta ce. Ya tsaya. Ya ja zare, ya zura reza, ya sake ja, ya sake zurawa. Da wannan jan, wuyan ya riga ya zauna daidai. Ba abin da ya rage a murɗa. Fuskarsa ta yi kamar ta wanda aka ɗauke wa kwano yana tsakiyar ci. Ya ɗan taɓa ƙananan kusoshin da ke gindin tsirkiyoyin, ya goge allin da tsumma, ya naɗe ta da kansa.

Ya ce in raba ta da bangon yamma. Ya ce ranar da ruwan farko ya sauka in kawo ta, don da damina wuyan baya zai koma, kuma kada in sake in bari wani ya sa mata ƙarfe kafin nan. Sannan ya dubi inuwar da ke bakin ƙofa, ya ce in fita da abin nan ta lungu, ladan ya tafi Gaoui ta'aziyya, shi ke da azahar.